Matambayi Ba Ya Ɓata, Amma Wa Ya Tambaya?

Babu hajar da ta kai shawara araha a ƙasar Hausa. Ba a auna ta da mudu, ba a biyan ko sisi, kuma duk majalisar da ka zauna ka ce "jama'a ina neman shawara," kafin ka rufe baki mutum biyar sun buɗe nasu. A da iyakarta bakin kasuwa da ƙofar masallaci da zauren mai unguwa. Yanzu ta koma cikin aljihu. Ka jefa tambaya a waya, ka tafi ka yi alwala, ka dawo ka tarar da amsa ashirin, kowace tana ƙaryata 'yar'uwarta.

Sana'a ce ta sa ni cikin waɗanda ake tambaya. Ina da ɗan shagon kwamfuta da buga takardu a Birnin Kudu, dangin mahaifiyata kuma suna Gwaram, don haka a tsakanin garuruwan nan biyu duk wanda wayarsa ta yi masa gardama ko lissafi ya ƙi daidaita, ni yake tunawa. Da na duba, yawancin tambayoyin ba sa wuce uku: wace hanya zan bi, wace manhaja zan sa a wayata, yaya zan rubuta lissafina. A baki ƙananan tambayoyi ne. Amma akwai rai a cikin ta farko, akwai dukiya a ta biyu, ta ukun kuma sau da yawa zumunci ne a rataye da ita.

Mu fara da hanya. Wata damina wani ƙanena zai tafi Gombe, ya zo shago yana nuna mini taswirar waya. Ta zana masa layi shuɗi daga Birnin Kudu zuwa Babaldu, ya karya ta Gwaram, ya wuce Basirka ya faɗa jihar Bauchi, har da adadin mintocin da zai yi.

"Yaya, ka ga ta nan ta fi kusa. Da asuba zan tashi."

Na ce masa taswira ta san tsawon hanya, amma ba ta san abin da ruwan daren jiya ya yi mata ba. Mutanen yankinmu ba sa buƙatar dogon bayani a kan wannan. A watan Agustan 2021 ruwa ya karya gada a kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, motar fasinja ta zo ta afka, mutum 21 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Tun daga lokacin, duk wanda ya tambaye ni hanya a cikin damina, tasha nake tura shi. Can akwai direban da ya shigo da safen nan, tayarsa da sauran laka, akwai kuma ɗan kamasho da ke jin labarin kowace mota da ta makara da dalilin makararta.

Sai dai ko a tashar ma akwai yadda ake tambaya. Idan ka ce wa Bahaushe "ya hanya?" zai ce maka "lafiya lau," ko da da ƙyar ya sha, domin gaisuwa ka yi masa, shi kuma ya amsa gaisuwa. Bayan an gaisa sai a shiga tambaya ta gaske: Malam, yaushe ka biyo ta? Ruwa ya hau kwalbati? Manyan motoci suna wucewa, ko sun yi layi? Akwai inda aka karkatar da hanya? Wannan ce tambayar da ke fito da abin da mutum ya gani da idonsa. Haka ƙanen nawa ya yi, aka ce masa hanya na biyuwa, amma ya bari gari ya waye sosai don ya riƙa ganin gabansa. Ya jinkirta sa'a biyu, ya isa lafiya.

Wani abokin karatuna da ke aiki a Suwizalan ya taɓa ba ni labarin da ya yi kama da namu, duk da nisan ƙasa. Can lokacin sanyi mutane kan ɗauki hutu su hau tsaunukan Alps don wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, kuma babban abin tsoronsu shi ne ƙanƙarar ta zaftaro daga sama ta binne mutum. Saboda haka kullum ana fitar da sanarwar haɗari mai mataki biyar, daga 1 zuwa 5, kowa yana iya duba ta a wayarsa. Duk da haka, in ji shi, mai hankali idan zai bar filin da aka tanada ya shiga dajin tsauni, sai ya nemi ɗan jagora, wanda ya san gangaren da rana ta fi duka da kwarin da iska ke tara ƙanƙara. Mu ma muna da irin tamu sanarwar: hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara, hukumar NIHSA kuma tana lissafa ƙananan hukumomin da ke fuskantar ambaliya. Suna da amfani ƙwarai ga manomi da gwamnati. Amma labarin kwalbatin da ke gabanka yau da safe, direba ne mai shi. Kamar yadda duk ɗan Birnin Kudu zai gaya maka ba tare da ya duba waya ba: in kana da uzurin gaggawa a Kano ranar Juma'a, ka yi sammako, don ranar Wudil ke ci.

Tambaya ta biyu ta yawaita ne tun farkon 2023. A watan Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, kafin watan Fabrairu tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Mutum yana da kuɗi a banki amma ba shi da na cefane a hannu. A kasuwanni irin ta Sara, dattawan da ba su taɓa taka ƙofar banki ba suka wayi gari ana ce musu "kawo lambar asusu." Nan sunaye irin su OPay da PalmPay da Moniepoint suka shiga bakin kowa, ni kuma tambaya ɗaya ta dame ni safe da yamma: wace ce ta fi kyau?

Kawuna mai sayar da hatsi yana cikin masu tambayar. Ya iya ajami, ya san lambobi, amma ba ya karanta boko. Maimakon in ambata masa suna, sai na juya masa tambayar.

"Kawu, a rumfarku akwai sabis kuwa? Wa zai riƙa karanta muku saƙo in ya shigo? In kuɗi suka maƙale, wurin wa za ku je?"

Ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan nan, na zo da tambaya ɗaya ka ba ni uku."

Amsoshinsa ne suka zaɓa masa manhajar. Ya ɗauki wadda ke da wakili a kusa da rumfarsa, mutumin da ya sani, ya san gidansu. Abin da na ƙara masa bai wuce ƙa'idodin da nake faɗa wa kowa ba. A tabbatar kamfanin yana da lasisin Babban Banki kuma hukumar NDIC tana inshorar kuɗin ajiyarsa. Kada a saki buhu don mai saye ya nuna hoton rasit a wayarsa, sai an ga kuɗin sun hau a asusun mai kaya. Lambar sirri kuwa ba a faɗa wa kowa, ko da wanda ya kira ya rantse daga banki yake, domin banki ba ya tambayar ta.

Akwai kuma wata shawarar da ba ka nema ba, ita ke neman ka. Aboki ne ko ɗan'uwa zai zo da fara'a ya ce ya samo manhajar da ke ninka kuɗi. Mun ga MMM, wadda ta rufe asusun mutane a watan Disamban 2016. Mun ga CBEX, wadda ta durƙushe a watan Afrilun 2025 da dukiyar jama'a a ciki. Irin waɗannan tsare-tsare suna ba wanda ya kawo sabon mutum lada, wato mai ba ka shawarar yana da kaso a cikin amincewarka, ko da shi ma da zuciya ɗaya ya shiga. Kunya takan hana mu tambayar ɗan'uwa "kai me za ka samu in na shiga?" To akwai tambayar da ba ta ɓata zumunci: nawa ka cire ka riƙe a hannu, kuma wace sana'a ake yi da kuɗin har take haifar da wannan riba? In amsar ta fara kewaye-kewaye, ka tuna banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ta ukun ita ce ta lissafi, kuma a nan na fi ganin yadda tambaya ɗaya ke da amsa biyu. Gwaggona a Gwaram uwar adashi ce. Mata goma sha biyu, kowace naira 5,000 a mako, mai kwasa ta ɗauki 60,000. Jikarta da ke makaranta a Dutse ta ce mata zamani ya wuce littafi, a zuba komai a Excel. Da na je gaishe ta sai ta tare ni da maganar.

"Ɗan nan, mene ne wannan abin da yarinyar nan ke faɗa? An ce shi ba ya kuskure."

Na bayyana mata cewa shafi ne mai gidaje-gidaje kamar gonar da aka yi wa kunya a tsaye da a kwance. Kowane gida ka sa masa suna ko lamba, ka umarci gidan ƙarshe ya tara na samansa, in ka canza lamba ɗaya jimilla ta gyara kanta. Na farkon irinsa da ya shahara, VisiCalc, ya fito a 1979, Excel kuma a 1985, don sauƙaƙa wa akantoci da ke kwana suna gogewa da sake tarawa. Sannan na tambaye ta abin da ke damun ta. Ashe ba tarawa ba ce, Gwaggo tana tara dubu sittin a ka kafin in buɗe kwamfuta. Damuwarta ita ce wata ta kawo rabin zubi ta ce za ta ciko, wata ta turo ta asusun mijinta da sunan da ba a sani ba, ranar kwasa kuma a yi ta musu har a kwana ba a gaisawa. Abin da take nema shaida ne, kwamfutar da ke hannun jika a Dutse kuwa ba za ta tsaya a tsakar gida ta ba da shaida ba. Muka sayi babban littafi, na ja mata layuka irin na Excel ɗin da biro: suna, mako, abin da aka kawo, abin da ya rage, da gidan dangwala yatsa. Kowace ranar zubi a karanta shi a gaban kowa.

A wannan watan kuma wani ɗan ƙanwar mahaifina mai shagon taki da maganin feshi ya zo da tambaya irin tata, shi kuwa na ce masa ya buɗe Excel tun yau. Kayansa kala-kala ne, farashi yana motsi, manoma da dama suna karɓa bashi sai kaka. Muka yi gidan kwanan wata, na kaya, na kuɗin saye, na kuɗin sayarwa, na bashi, sannan na dage a ƙara gida ɗaya: abin da aka ɗauka don gida. Bayan wata biyu wannan gidan ne ya nuna masa inda jarinsa ke zurarewa, ɗari biyar ta cefane yau, dubu biyu ta biki gobe. Da ya tambayi mutanen da ba su san shagonsa ba, da an ba shi sunan manhaja goma, babu mai ce masa ya ƙara wannan gidan.

Abin da shekarun nan suka nuna mini shi ne shawara aikin mutum biyu ce. Mai tambaya yana da nasa nauyin: ya faɗi halin da yake ciki dalla-dalla, da abin da yake da shi, da abin da yake tsoro. Wanda ya ɓoye wa mai magani ciwo, shi zai kwana da shi. Mai amsawa kuma amana aka ɗora masa. Ya yi tambaya kafin ya ba da amsa, ya bambanta abin da ya gani da abin da ya ji, in yana da wata riba a ciki ya faɗa. In abin ya fi ƙarfin saninsa, ya ce "je ka wurin wane." A wurinmu ana ganin wannan kamar gazawa ce, alhali sau da yawa ita ce shawara mafi tsada da za a ba mutum. Mai ciwon ƙirji da ya tambaye ni wace manhaja ke auna hawan jini, hanyar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Birnin Kudu na nuna masa.

Ba na cikin masu cewa waya ta lalata komai. Ta ba yarinyar ƙauye damar tambayar abin da kunya za ta hana ta tambaya a zaure, ta ba manomi farashin riɗi a kasuwa uku kafin ya ɗaura buhu a mota. Amma lokacin da magabata suka ce matambayi ba ya ɓata, wanda ake tambaya manomi ne a bakin hanya, da fartanya a kafaɗa. Ya taka hanyar da ƙafarsa, kuma ya san in ya nuna maka ba daidai ba, ta gabansa za ka dawo. Kafin ka ɗora ranka ko jarinka ko zumuncinka a kan wata amsa, ka duba ko mai ba ka ita ya taka hanyar, kuma ko za ka same shi gobe.