Jar giyar Dablin da jarkar kunun gwaggo

Mai karatu, kada ka yi saurin juya shafi don ka ga kalmar giya a sama. Ba na sha, ba kuma zan kira kowa ya sha ba. Sai dai abin da na gani a wani ɗakin girki a ƙasar Ayilan shi ya sa na zubar da jarka guda ta kunun zaki ranar sunan ɗan ƙanena a Abuja, kuma har yau gwaggona ba ta gama hucewa ba.

Na je Dablin ne wajen yayata da ke aikin jinya a can. Wata rana matar maƙwabcinta ta kira mu shan shayi. Muna shiga na ji ƙamshi kamar an buɗe Maltina an ɗora a wuta. Mijinta, wani dattijo ɗan fansho, yana tsaye kan tukunya da ma'aunin zafi a hannu. Da ya ji aikina harhaɗa magunguna ne sai ya yafito ni in zo in gani. Jar giya irin ta ƙasarsu yake dafawa, wadda garin Kilkenny ya yi suna da ita, inda gidan Smithwick's ya kafu tun 1710. Tasa ba ta wuce lita huɗu zuwa biyar, a tukunyar da ba ta fi ta miyar gidanku ba.

Na ja kujera na zauna, don abin ya tuna mini da darasin sinadarai na jami'a. Tsiron sha'ir ne barzajje yake jiƙawa a ruwa mai zafin digiri 66 ko kusa da haka, tsawon awa guda. Jan launin kuwa ba rini ba ne, ɗan gasasshen sha'ir ne kaɗan yake haɗawa. A cikin awar nan sinadaran da ke cikin tsiron suna narka sitaci su mayar da shi sukari, shi ya sa ba ya kauda ido daga ma'auni: zafi ya yi yawa su mutu, ya yi kaɗan su yi nawa. A nan na tuna da mahaifiyata tana zuba niƙaƙƙen dankali ko tsiron shinkafa cikin kunun zaki, kunun ya saki ya yi zaƙi tun ba a sa sukari ba. Aikin ɗaya ne. Masu burukutu ma da tsiron dawa suke farawa.

Daga nan ya tace, ya tafasa ruwan awa guda da wani fure mai ɗaci da suke kira hops, ya tsoma tukunyar cikin ruwan ƙanƙara har ta huce zuwa wajen digiri 20. Ka lura da wannan wuri, mai karatu. Har zuwa nan babu barasa a tukunyar, ruwan hatsi ne mai zaƙi. Sai ya barbaɗa yis, ya juye a tulun gilashi mai wata 'yar mafita da iska ke fita amma ba ta shiga. Yis ya ci sukari, ya fitar da barasa da iskar da ke sa kumfa. Cikin kamar mako biyu barasar ta kai kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba giyar ba ce, tsoron da dattijon ke yi wa tukunyarsa ne. Da zarar ya sauke ta daga wuta, ko cokali ba ya taɓa ruwan sai an tsoma shi a maganin kashe ƙwayoyin cuta. Mazurari, murfi, kwalabe, har hannunsa. Ya san ruwa mai zaƙi da ya huce gona ce, duk abin da ya faɗa ciki sai ya tsiro. Shi sayen nasa yis yake yi. Namu ba a gayyatarsa: yana cikin iska, yana jikin ɓawon abarbar da muke jefawa a zoɓo, yana maƙale a jarkar da aka ɗauraye sama-sama.

To, ranar suna. Watan Maris ne, zafin Abuja kuwa ka san shi. Tun daren Alhamis aka dama kunun, taro sai Asabar, aka kuma ɗauke wuta kwana da yini. Da safe na ga jarka ɗaya ta kumbura kamar ta ƙoshi. Ina murɗa murfin ta yi tsaki, kumfa ya biyo baya. Gwaggo ta ce, “Ke 'yar nan, ɗan tsami ne. A ƙara sukari da ƙanƙara, ya gyaru.” Na ce, “Gwaggo, ki yi haƙuri, wannan ba zai shiga cikin yara ba.” Ta ce tun ba a haifi uwata ba take dama kunu. Gaskiya ta faɗa. Amma sukarin da take so a ƙara abinci ne ga abin da ya kumbura jarkar.

Ba zan ce maka kunun ya zama burukutu ba. Tsamin kunu akasari aikin wasu ƙwayoyi ne irin masu mayar da madara nono, kuma barasar da ke taruwa a kwana ɗaya ko biyu kaɗan ce. Hukuncin wannan kaɗan ɗin na bar wa malamai. Ni abin da ke gabana a kanti shi ne iyayen da ke zuwa neman gishirin zawo washegarin biki. Idan yis ya samu hanya ya kwana biyu yana aiki cikin zafi, ƙwayoyin da ke kawo amai da gudawa ma sun samu hanyar, kuma su ba sa kumfa balle su yi tsaki. Jariri da tsoho da mai juna biyu su suka fi jin jiki.

Mu kuma inda muka fi yin sake shi ne daidai inda dattijon nan ya fi tsoro, wato bayan an sauke tukunya. Mun tafasa zoɓo da kyau, sai mu sirka da ɗanyen ruwa, mu jefa ƙanƙarar da ba mu san da wane ruwa aka yi ta ba, mu ɗura a gorar da aka tsinto. Ki sirka da ruwan da kika tafasa ya huce, 'yar uwa. Ƙanƙara ta zauna a wajen gora, ba a ciki ba. Ki dama na rana ɗaya, in kuwa zai kwana to a firij mai sanyi na gaske. Gorar da ta yi tauri kamar ƙwallo, ko ta yi tsaki da aka buɗe, ki zubar, kuma ki kauda fuska wajen buɗewa. Masu giyar gida ma kwalba kan fashe musu idan sukari ya yi yawa.

Jarkar gwaggo dai a kwata ta ƙare, muka aika aka sayo gero aka dama sabo, bai iso ba sai bayan azahar. Da sallar da ta wuce ta aiko mini da zoɓo gora uku, da saƙon cewa in buɗe a hankali in saurara, ko zai yi mini tsaki.