Baƙaƙe Masu Ƙugiya Da Kundin Wani Ɗalibi

Akwai wani ɗalibi a ajin ƙarshe na Sashen Hausa wanda ya ɗauki tatsuniyoyin kakarsa ya mai da su abin nazarin kundinsa. Tun yana ajin farko ya naɗi muryarta a kaset, kafin Allah Ya yi mata rasuwa. Ya kwashe shekara guda yana juyar da maganarta zuwa rubutu a wata tsohuwar kwamfuta ta kan tebur da kawunsa ya aiko masa daga Maraɗi. Saura mako biyu a miƙa kundi, sai allon maɓallanta ya daina aiki. Ya shiga kasuwa ya sayo wani na hannu, ya jona, ya zauna zai rubuta "wata rana", sai ya ga "zƙtƙ rƙnƙ" a gabansa. Ya goge, ya sake, abin bai sauya ba. Nan take cikinsa ya ɗuri ruwa, domin ya zaci cutar kwamfuta ce ta shiga aikinsa.

Da gari ya waye ya ɗauki injin a ka, ya kai wa wani dattijo mai buga takardu a bakin ƙofar jami'a, wanda ya fara sana'arsa tun zamanin tafireta. Dattijon ya danna maɓalli uku kacal, ya yi murmushi, ya ce, "Yaro, injinka lafiyarsa lau. Faransanci yake ji, kai kuwa kana yi masa Ingilishi."

Abin da ya faru shi ne, maɓalli ba ya aika harafin da aka zana a kansa; lambar gurbinsa kawai yake aikawa, kwamfuta ce ke fassara lambar bisa tsarin da aka saita mata. Wannan kuwa an saita ta ne bisa tsarin Faransa, wanda ake kira AZERTY, alhali sabon allon na tsarin QWERTY ne. A tsarin Faransa gurbin A da na Q sun yi musanya, haka ma na W da na Z. Saboda haka "wata" ta zama "zqtq". Dattijon ya shiga wurin saita harshe ya sauya tsarin, cikin minti ɗaya magana ta ƙare. To, amma ina aka samo ƙ a cikin "zƙtƙ", tun da q ya kamata a gani? Wannan tambaya ita ce ta tono babbar matsalar, wadda ɗalibin ya yi shekara yana kwana a kanta bai sani ba.

Tun a shekarun 1930 aka daidaita rubutun boko a kan baƙaƙe masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ, kuma ba don ado aka yi haka ba: su ne suka raba baki da baƙi, suka raba kasa da ƙasa, suka raba kare da ƙare. Amma tsarin ASCII, wanda aka fitar a Amurka a 1963, gurbi 128 kawai gare shi, babu ko ɗaya na Hausa. Da kwamfuta ta iso ƙasar Hausa sai masu hikima suka yi dabara: suka zana haruffa na musamman, suka ɗora hoton ƙ a gurbin q, hoton ɗ a gurbin x, hoton ɓ a gurbin v, tun da Hausa ba ta amfani da waɗannan. Dabara ce da ta yi wa harshen aiki mai yawa, kuma bai kamata a raina ta ba. Sai dai rufin asiri ne na ido kaɗai. A cikin fayil q yana nan q ɗinsa, ya sa rigar ƙ ne kurum. Da an kai shi injin da babu wannan zanen, sai riga ta faɗi, a karanta "qasa" da "xaya" da "varawo". Babi huɗu na kundin duk haka aka buga su.

Dattijon ya ce a mai da su tsarin Yunikod, wanda ya fito a 1991, inda kowane baƙi mai ƙugiya yake da lambarsa ta kansa. Ɗalibin, da yake a matse yake, ya umarci injin ya musanya kowane v da ɓ, kowane x da ɗ, a bugu ɗaya. Hausar ta gyaru sarai, amma a shafin manazarta Oxford ta koma "Oɗford". Sai da ya bi sunayen Turawa ɗaya bayan ɗaya har dare ya raba.

Babi na biyar kuwa, wanda abokinsa ya buga masa a wani injin, ya zo da nasa salon. Duk inda ƙ take sai a ga Æ™, duk inda ɗ take sai É—. Wannan ma da sauƙi ga wanda ya san asalinsa. A tsarin UTF-8 ana ajiye ƙ da lamba biyu. Idan aka buɗe fayil da tsohon tsarin Turai ta Yamma, mai karanta lamba ɗai-ɗai, sai ya ɗauki kowace a matsayin harafi dabam. Babu abin da ya ɓace, karatun ne aka yi ba daidai ba. Suka rufe ba tare da adanawa ba, suka sake buɗewa da UTF-8, komai ya dawo gurbinsa.

Inda abin ya yi muni shi ne rataye, wurin da tatsuniyoyin kansu suke. Wata rana can baya an adana wannan fayil da tsohon tsarin, shi kuwa duk harafin da bai sani ba sai ya maye gurbinsa da alamar tambaya. Dattijon ya daɗe yana duban allon, sa'an nan ya ce, "Wannan kam, yaro, ba aikin inji ba ne. Ruwa ya riga ya zube."

Ɗalibin ya ce, "Baba, ko da kuɗi?"

Ya ce, "Ko da kuɗi. Sai dai kai da ka san maganar ka mayar."

Haka ya zauna kwana biyar yana cike gurabe. Mafi yawansu ba su ba shi wuya ba, gama duk Bahaushen da ya ga "?osai da kunu" ya san abin da ake nufi. Amma a tatsuniya ta bakwai ya ci karo da jimlar da ta tsayar da shi: "Sai matar sarki ta yi ?ari." Ƙari ta yi, ko ɗari-ɗari take yi da kishiya har aka yanke kalmar, ko kuwa ɓari ta yi? A babi na uku ya riga ya gina hujja a kan cewa ƙari ne, watau ta ƙara wa baƙo abinci, har ya yi shafi biyu yana yabon karamci a tatsuniya. Yanzu kuwa, da alamar tambayar ta tsaya masa a ido, sai ya kasa rantsuwa cewa haka tsohuwar ta faɗa.

Ya aro rediyo mai kaset wurin wani maigadi, ya nemo kaset na uku a ƙasan akwati, ya yi ta juya shi da biro har ya kai wurin. Muryar kakarsa ta fito, da tarinta, da kukan awaki a bayanta. Ya saurara sau uku. Ɓari ta ce.

Washegari ya je ofishin malamin da ke duba aikinsa, ya gaishe shi, ya ce, "Malam, ina roƙon a ƙara mini kwana uku. Akwai shafi biyu da zan sake rubutawa."