Da A Ce Marcel Bloch Bai Fito Daga Buchenwald Ba

Tun da yaƙi ya koro ni daga Umdurman a 2023 na dawo gidanmu a Shuwak, barci ya daina zuwa mini da wuri. Idan aka ɗauke wuta, sai in shimfiɗa tabarma a tsakar gida kusa da gadon Kawu, muna jin gurnanin manyan motocin da ke bin hanyar Gadarif zuwa Kasala. Shi yana hira, ni ina latsa waya. A waɗannan darare ne na kamu da wata ɗabi'a da nake jin nauyin faɗa wa abokan aikina na rediyo: in karanta tarihin kamfanonin da ke ƙera wa Faransa jiragen yaƙi, sannan in sake tsara shi a raina.

Kawu ne ya jawo. Yana saurayi ya yi yaron mota a hanyar Janaina zuwa Abeche, lokacin da Cadi ke fama da Libiya. Yakan ba da labarin wani jirgi mai tafiya ƙasa-ƙasa, wanda ba ka jin ƙararsa sai ya riga ya wuce ka. Sunansa Jaguar. Wata rana na tambayi kaina, wa ya ƙera shi? Tambayar ta kai ni inda ban zata ba.

A 1936 gwamnatin Faransa ta fara karɓe yawancin masana'antun jirage ta mayar da su nata. Cikin waɗanda abin ya shafa akwai wani injiniya Bayahude, Marcel Bloch. Da Jamus ta mamaye ƙasar ya ƙi yi mata aiki, aka tsare shi, a Agustan 1944 aka tura shi sansanin Buchenwald. Ya fito a Afrilun 1945 da sauran numfashi kaɗan. Bayan haka ya sauya suna zuwa Dassault, ya sake kafa kamfani, a 1949 jirginsa Ouragan ya tashi.

A shekarun 1950 gasar ta yi zafi. Rundunar sama tana neman ƙaramin jirgi mai saurin tare abokin gaba, kowa ya kawo nasa. Kamfanin gwamnati na SNCASO ya kawo Trident mai injin roka. SNCASE ya kawo Durandal. Nord ya fito da Griffon, wanda matuƙi André Turcat ya kai shi fiye da ninki biyu na saurin sauti a 1959. Dassault, ɗan kasuwa mai zaman kansa, ya kawo Mirage III, wanda ya fara tashi ranar 17 ga Nuwamba 1956. Bai fi su ban mamaki ba, amma ya fi su sauƙin ƙerawa da sayarwa, shi aka ɗauka. Sauran suka ƙare a gidan tarihi. Kamfani ɗaya mai zaman kansa da ya rage yana ja da shi, wato Breguet, wanda daga zanensa Jaguar ya samo asali, Dassault ya sayi mafi yawan hannun jarinsa a 1967, ya haɗiye shi a 1971.

To, nan wasana yake farawa. Da a ce Bloch ya mutu a Buchenwald, kamar dubban da suka mutu a can? Sai in ga Durandal ya zama jirgin Faransa, Breguet ya rayu ya girma, kamfanonin gwamnati suna ta jayayya a kan kasafi. Har na kan ƙaga sunayen jiragen da ba a taɓa yi ba. Wasa ne mai daɗi, kamar yadda masu ƙwallo ke sake buga wasan da aka gama tun bara.

Kuma ba duka ne shirme ba, domin gasar ta taɓa mu. Da Dassault ya mallaki Breguet, sai ya ga ya gaji rabin Jaguar, ɗaya rabin na Ingila ne, alhali Mirage F1 nasa ne shi kaɗai. Wanne zai tallata? Ya tallata nasa. Shi ya sa Turawan Ingila ne suka yi ta yawon sayar da Jaguar, kuma daga hannunsu Nijeriya ta sayi guda 18, aka fara kawo su a 1984, suka zauna a Makurɗi, ba su cika shekara goma suna aiki ba aka ajiye su. Alpha Jet kuwa, wanda Dassault-Breguet ya yi tare da Dornier na Jamus, shi ya daɗe: ya je Laberiya da dakarun ECOMOG, ya dawo ya yi yaƙin Boko Haram. Duk wanda ya zauna a Maiduguri ya san muryarsa.

Akwai kuma cinikin 1970, lokacin da Faransa ta amince ta sayar wa Libiya ta Gaddafi Mirage 110. Bayan shekara 16, ranar 16 ga Fabrairu 1986, jiragen Jaguar na Faransa suka taso daga Bangui suka fasa filin jirgin da Libiya ta gina a Wadi Dum, a arewacin Cadi. Ɓangarorin biyu duka abokan cinikin gida ɗaya ne. Da na karanta wannan sai na ce, ga shi, na kama ɓarawon. Da babu ɗan kasuwa mai yunwar ciniki irin Dassault, da sararin samaniyarmu ya fi haka shiru.

Na yi kwanaki ina riƙe da wannan tunani, har na fara shirya yadda zan kawo shi a shirina. Abin da ya rushe shi ba littafi ba ne, ƙasar da nake kwance a kanta ce.

Sudan ba ta taɓa mallakar Mirage ba. Idan ana neman duniyar da jirgin yaƙin Dassault bai shiga ba, ba sai an ƙaga ta ba, mu ne. Mun sayi MiG-21 daga Tarayyar Sobiyet, F-5 daga Amurka, wasu daga Sin, daga baya MiG-29 da Sukhoi. A Darfur ma ba a bukaci jirgin yaƙi na gaske ba, Antonov na ɗaukar kaya ne aka riƙa turo bama-bamai ta ƙofarsa ta baya. Yau kuma ga jirage marasa matuƙa, waɗanda suka kai hari garin Gadarif a 2024, suka ƙona ma'ajiyar mai a Fot Sudan a Mayun 2025. Babu Dassault, babu Breguet, amma yaran da suka gudo daga Sinja da Madani, waɗanda aka sauke a makarantun yankinmu, suna faɗuwa ƙasa idan babur ya yi tusa.

Sai na koma Cadi da sabon ido. A ƙarshen 1990 Idriss Déby ya taso daga Darfur ya nufi Injamena. Jiragen Faransa suna nan, da mai, da matuƙa, ba su tare shi ba, Hissène Habré ya gudu. A Fabrairun 2019 wasu 'yan tawaye suka taso daga Libiya za su yi wa Déby abin da ya yi wa Habré, Mirage 2000 suka tashi suka tarwatsa ayarinsu. Kamfani ɗaya, filin jirgi ɗaya, sakamako biyu. Abin da ya bambanta shi ne umarnin da ya fito daga Paris. Haka kuma ba wani jirgi da ya fi su sauri ne ya fitar da su daga Yamai a 2023 da Injamena a Disambar 2024 ba. Masu masaukin ne suka ce baƙo ya tattara kayansa.

Hausawa sun ce da-na-sani ƙeya ce. Ni na gano cewa da-a-ce ma tana da nata sharrin: takan sa ka zaɓi mahaɗar da ta fi nisa da kai, domin a can babu laifinka ko na naka. Ya fi mini sauƙi in kashe wani injiniya a 1945 a zuciyata, da in tambayi yadda kuɗin riɗi da dawa da audugar ƙasar nan suka zama ƙarfen da ke faɗo mana, ko in tuna sau nawa na karanta labarin faretin sojan sama a iska da murya mai alfahari.

Daren da na kwashe duk wannan na faɗa wa Kawu, ya saurare ni har ƙarshe yana kurɓar jabana. Ya ce, “Ɗan nan, ni fa ban taɓa ganin rubutun da ke jikinsa ba. Kwanciya muke yi a ƙarƙashin mota.” Ya juya ya ja mayafi.

Ban kawo batun a shirin ba. Washegari na shiga ɗakin watsa shiri da takardun cigiya guda bakwai, na karanta su ɗaya bayan ɗaya da Hausa da Larabci: sunan wanda ake nema, garin da aka rabu da shi, da inda mahaifiyarsa take jira.