Ragowar Wake da Cikin Kare

A aikinmu na rediyo akwai kalmomin da bakin mai gabatarwa ke kauce wa, ko da yake kowa ya san su. Tusa na cikinsu. Idan maganar ta kama dole, sai mu ce "sakin iska", mu wuce da sauri kafin dattawa su murɗa akwatinsu zuwa wata tasha. A rubuce kuwa ina da sarari, don haka zan kira ta da sunanta. Wadda nake nufi ta kare ce. An ce tusa ba ta hura wuta, amma a gidanmu saura kaɗan ta hura.

Ƙanena ne ya kawo karen gidanmu da ke Maraɗi, yana ɗan kwikwiyo, bayan ɓarayi sun haura katanga sau biyu sun kwance mana tumaki. Mahaifiyarmu ba ta so ba. Ta yarda ne bisa sharaɗin ba zai shiga ɗaki ba, ba zai kusanci randa ba, wurinsa gefen turke. To amma gidan ba shi da faɗi, kuma a zafin Afrilu da Mayu kowa a tsakar gida yake kwana. Duk abin da ya fita daga cikin karen nan sai iska ta kawo shi har kan tabarma. Wata safiya ta kira ƙanena ta ce, "Ko dai ka nema wa abin nan magani, ko ka mayar da shi inda ka ɗauko shi." Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, ai ba da gangan yake yi ba." Ta ce ita ma ba da gangan hancinta ke ji ba.

Abin dariya ne a baki, amma idan aka kori karen, tumakin da suka rage ba su da mai gadi, shi kuma kwararo zai koma, inda yara ke jifa.

Akwai wani likitan dabbobi da nake gayyata shirina na noma da kiwo. Bayan mun fito daga ɗakin shiri na ba shi labari, ina jiran ya rubuta sunan magani. Sai ya tambaye ni abin da karen ke ci, da sau nawa a rana. Ragowar gidaje uku ce, tamu da ta maƙwabta: shinkafa da wake, ɗanwake, ƙosan da ya kwana, wani lokaci dusar waken suya da ake tacewa wurin mai awara. A tara duka a roba ɗaya, a ba shi da dare, ya share ta kafin ka ƙifta ido. Likita ya ce ai na riga na faɗi ciwon da bakina.

Hanya biyu iska ke taruwa a cikin kare. Ta farko haɗiya ce: karen da ya yini da yunwa, ko wanda ke gudun kada ɗan'uwansa ya riga shi, yana haɗa loma da iska. Ta biyu daga hanji take. A cikin wake da waken suya akwai wani nau'in sukari, irin su rafinos, wanda ƙaramin hanjin kare ba shi da sinadarin narkar da shi. Mu ma ba mu da shi, kuma duk wanda ya taɓa cika cikinsa da alala ya sani. Sukarin yakan wuce yadda yake zuwa babban hanji, ƙwayoyin bakteriya da ke can su yi ta cin sa suna fitar da iska, kamar ƙullun da ya kwana ya tashi. Mu kuwa a Nijar wake shi ne namanmu na yau da kullum. Najeriya kaɗai ta fi mu noma shi a duniya. Ba mamaki idan rabin abin da ke isa kwanon kare wake ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yawancin iskar nan ba ta da wari. Warin yana zuwa ne daga ɗan kaɗan da ke ɗauke da sinadarin farar wuta, mai tashi kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Ƙwai da kabeji da naman da ya fara juyawa su ke ƙara shi, haka ma kitse da kayan cikin da aka jibga wa kare lokaci guda. Shi ya sa kwanakin babbar salla, ranar da muke ganin kare ya samu duniya, su ne ranakun da ba a iya zama kusa da shi.

Albasa kuma maganarta ta wuce wari. Miyarmu ba ta yiwuwa sai da albasar Galmi, amma albasa da tafarnuwa, ɗanyu ko dafaffu, suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare. Ba ya faɗuwa nan take. Sai dai a ga yana kasala, dasashinsa ya yi fari, a ce ai tsufa ne ko zafi.

Mutane na cewa kare komai ci yake. Gaskiya ne yana ci, ba komai yake narkarwa ba. Ni a ganina wannan maganar uzuri ce da muke ba kanmu don mu mayar da kwanonsa bola. Wanda ya ɗaure dabba don ta tsare masa dukiya, cinta na wuyansa, ko yana son ta ko yana ƙyamar ta.

Gyaran da ƙanena ya yi bai ci kuɗi ba, ba a sayi buhun abincin kare na kanti ba. An cire wake da dusar awara. Ana ɗebar masa shinkafa ko tuwo kafin a zuba miya, a haɗa da ɗan kifi ko guntun nama da aka dafa ba yaji, ba albasa; shinkafar da ta nuna sosai tana cikin abin da ya fi saurin narkewa a cikin kare. An raba abincin biyu, safe da yamma, ana baza shi a faranti mai faɗi don dole ya bi shi a hankali. Wasu sukan sa wankakken dutse babba a tsakiyar kwano, wanda ba zai haɗiyu ba. Likita ya ja kunne a kan abu ɗaya: kada a sauya rana ɗaya. Ƙwayoyin hanji suna sabawa da abin da suka saba gani, sauyin farat ɗaya kansa yana kawo iska da zawo. A fara da kashi 1 cikin 4 na sabon abincin, a riƙa ƙarawa har kwana 7 zuwa 10. Kafin damina ta faɗi Inna ta daina maganar kora, har tana hana jikoki zuba masa ɗanwake.

Ƴan kwikwiyo su suka fi shan wahala, kuma tausayi ke jawo musu. A raba su da uwa da wuri, a dama musu madarar gari. Nonon karya ya fi na saniya kitse, sukarinsa kuma bai kai na saniya ba, kuma bayan yaye sinadarin da ke narkar da sukarin madara yana raguwa a hanjin kare. Sakamakon shi ne kumburi da zawo. Kindirmo ya ɗan fi sauƙi, don tsamin ya cinye wani ɓangare na sukarin, amma shi ma kaɗan. Ƙaramin kwikwiyo yana son ci sau 3 ko 4 a rana, ɗan kaɗan kaɗan. Idan kuwa cikinsa ya yi tulu alhali haƙarƙarinsa a waje, ba abinci ba ne kaɗai, tsutsar ciki ce ake fara zargi. Da yawa da ita ake haihuwar su, shi ya sa ake fara ba su maganinta tun suna mako 2.

Akwai kumburin da bai kamata a tsaya gyaran kwano a kansa ba. Manyan karnuka masu zurfin ƙirji, irin karen Jamus da masu hali ke ajiyewa don gadi, cikinsu yakan cika da iska ya murɗe, sau da yawa bayan sun cika ciki da abinci a zama ɗaya. Ciki ya yi tauri kamar ganga, kare na yunƙurin amai ba abin da ke fita, yawu na zuba, ya kasa kwanciya. Wannan yana kisa cikin ƴan awoyi, kuma sai likitan dabbobi, ko da tsakar dare ne.