Tsakanin Hamada da Damina

Idan bazara ta tsananta a ƙasar Hausa, gabas manomi ke duba, domin daga can hadari ke tasowa. Amma ruwan da ke cikin hadarin ba ɗan gabas ba ne. Daga Tekun Atlantika iskar kudu maso yamma ke ɗauko shi, kuma hamadar nan da manomi ke tsoro ita ce mai kiran wannan iska.

Ga yadda al'amarin yake. Rana kan gasa Sahara har iskar da ke bisa rairayi ta yi zafi, ta rasa nauyi, ta tashi sama. Sai iskar teku mai laima ta kwararo arewa don ta cike gurbin, tana ture busasshiyar iskar da ke kawo hazo da hunturu. A watan Agusta take kai iyakarta, shi ya sa marka ke faɗowa a lokacin.

Sai dai hamada fuska biyu gare ta. A 1975, bayan farin da ya ƙone Sahel daga 1968 zuwa 1974, wani masani Ba'amurke, Jule Charney, ya yi bayanin ɗaya fuskar. Farin rairayi yana mayar da kimanin kashi 35 cikin 100 na hasken rana sama, ƙasa mai ciyayi kuwa wajen rabin haka. Saboda haka sararin da ke bisa tsirarar ƙasa yakan yi asarar zafi, iskarsa ta riƙa sauka, alhali girgije ba ya haɗuwa sai inda iska ke tashi. Tsiro kuma yakan zuƙo ruwa ta saiwa ya saki ta ganye, ya ciyar da hadarin gobe.

Mutane da dama sun ɗora wa makiyayi da mai saran itace laifin farin. Binciken da ya biyo baya ya nuna sauyin ɗumin tekuna ne babban sanadi, tsiraicin ƙasa ya ƙara masa ƙarfi da tsawon kwana. Tarihi ma shaida ne. Shekara 7,000 da suka wuce Sahara kore ce, Tafkin Chadi kuma ya ninka na yau sau da yawa. Sauyin zagayen duniya ne ya jawo damina arewa, amma masana sun gano ba don ciyayi ba da ba ta yi nisa haka ba.

Wannan shi ne muhimmancin abin da manoman Maraɗi da Damagaram suka yi tun tsakiyar shekarun 1980, da suka bar gawo da sauran itatuwa suna tohowa a gonaki, har aikin ya kai kimanin hekta miliyan 5. Ba su da iko da teku, ba su da iko da rana. Fuskar ƙasa ce kaɗai a hannunsu, kuma da yayyafi kogi kan cika.