Ina Aka Kai Faɗuwar?

Ranar 27 ga Yuni, 1999, a gasar X Games da aka yi a San Francisco, Tony Hawk ya cim ma abin da ya shafe fiye da shekara goma yana nema. Ya tashi sama da allon zamiya, wato katakon nan mai ƙananan tayoyi huɗu, ya juya sau biyu da rabi a iska, ya dira a kan allon bai faɗi ba. Sunan juyin 900, saboda digiri ɗari tara ne. Kafin ya dace sai da ya sha ƙasa kusan sau goma a jere a gaban jama'a, har lokacin da aka ware ya ƙare, aka ƙyale shi ya ci gaba.

Bayan 'yan watanni kamfanin Activision ya fitar da wasan bidiyo mai suna Tony Hawk's Pro Skater, wanda Neversoft ya tsara. Juyin 900 yana ciki, sai dai a nan yaro ɗan shekara goma na iya yin sa da danna maɓalli biyu ko uku. Duk muhawarar da ake yi tun daga lokacin tsakanin masu son wasan nishaɗi zalla da masu son wasan da ke kwaikwayon zahiri, a kan faɗuwar nan goma take: a cire ta, ko a bar ta?

Neversoft cire ta ya yi, kuma da gangan. Tsarin wasan ya gaji na'urorin gidajen wasa na da, waɗanda ake jefa wa kwabo a yi wasa na ɗan lokaci. Minti biyu ake ba mai wasa a cikin wani sito ko harabar makaranta, ya tara maki, ya tsinci haruffan S-K-A-T-E da aka warwatsa. Kowane maɓalli da aikinsa: ɗaya na tsalle, ɗaya na juya allo, ɗaya na kama shi da hannu, ɗaya na zamewa a kan ƙarfe. Ana faɗuwa, amma hasarar maki ce kawai, nan take mutum ya miƙe. A kashi na biyu, a 2000, aka ƙara tafiya a kan tayoyi biyu, a na uku kuma, a 2001, aka ƙara wata juyawa da ake yi yayin dira, sai ya zamana ana iya sarƙa dabaru da dama ba tare da yankewa ba. Babu ɗan Adam da zai iya haka a titi. Amma kuskure ne a ce wasan ba shi da wuya. Wuyarsa ta koma kan haddace fili da auna kwaɗayi: mai wasa ya dira yanzu ya karɓi makin da ya tara, ko ya ƙara dabara ɗaya, ya kuskure ya rasa duka.

Shekara takwas wannan salo yana cin karensa babu babbaka, har 2007, lokacin da EA Black Box da ke Vancouver a Kanada ya fitar da Skate. Abin da ya sauya ƙarami ne a ido. Maimakon maɓalli, sai aka ɗora dabarun a kan ɗan sandan nan na dama da ake juyawa da babban yatsa. A ja shi ƙasa, a fizge shi sama, allo ya yi tsalle. A karkata fizgar gefe, allo ya juya. Yatsa ya zama ƙafa. Aka kuma sauko da kyamara kusa da ƙasa, yadda masu ɗaukar bidiyon 'yan zamiya ke yi. Sakamakon shi ne tsallake matakala 'yan ƙalilan ya zama abin alfahari, domin an faɗi sau da yawa kafin a samu.

Daga baya wasu ƙananan kamfanoni suka ga ko Skate ɗin ma ya yi sassauci. Skater XL, wanda ya fito a 2020, da Session, wanda wani kamfanin Montreal ya kammala a 2022, sun raba aikin gida biyu: sandan hagu ƙafar hagu, sandan dama ƙafar dama. Session ya wuce nan, ya yi watsi da lissafin maki. Mutum zai iya kwashe sa'a guda a bakin dakali ɗaya a birnin New York na cikin wasan, yana maimaita dabara ɗaya, babu mai yaba masa, ladansa kawai ɗan gajeren bidiyo da zai yanke ya ajiye. Ga wanda bai taɓa hawa allo ba wannan azaba ce. Ga wanda ya taɓa, ita ce ainihin sana'ar, domin yawancin ranar ɗan zamiya a tashi daga ƙasa take ƙarewa.

Da wannan hujja masu son zahiri ke cewa nasu ne na gaskiya, kuma suna da rabin gaskiyar. Abin da suke mantawa shi ne an cire babban sinadarin daga nasu wasan ma. A titi, abin da ke hana mutum dira daga matakala goma tsoro ne, tsoron siminti da karayar wuyan hannu. Faɗuwa ɗari a Session haƙuri kawai take ci. Wasan ya kwaikwayi motsin ƙafa da maimaici, ya bar ciwo a waje. Shi kuwa Tony Hawk's Pro Skater wani abu dabam ya kwaikwaya: bidiyon da aka riga aka tace, aka zubar da duk kurakurai, aka ɗora kiɗa. Wannan ma wani ɓangare ne na al'adar, kuma shi ne ya fi jan baƙi. Matasa da yawa a Amurka da Turai sun fara jin sunayen dabarun da na gwanaye irin su Rodney Mullen ne a gaban talabijin, kafin su roƙi iyayensu su saya musu allo. Da wuya wasan da ke kayar da sabon shiga sau hamsin a daren farko ya yi wannan aiki.

Akwai wani gwaji da ya nuna iyakar neman zahiri. A 2009 Activision, bayan Skate ya fara ƙwace masa kasuwa, ya fitar da Tony Hawk: Ride tare da allon roba marar taya da ake takawa a tsakar falo. A takarda babu abin da ya fi wannan kusa da gaskiya, tunda da ƙafa ake yi. A aikace allon bai fahimci motsin mai shi yadda ya kamata ba, masu sharhi suka yi masa ca. Sai a 2020, da aka sake gina kashi na ɗaya da na biyu na asali, da maɓallansu da mintinsu biyu, sunan ya farfaɗo.

A 2025 gidajen biyu sun sake haɗuwa a kasuwa. An fitar da sabon ginin kashi na uku da na huɗu na Tony Hawk a watan Yuli, EA kuma ya buɗe sabon Skate kyauta a watan Satumba, shekara goma sha biyar bayan Skate 3.