Yabon Kai da Takardar Neman Aiki

Bahaushe ya taso da jin cewa yabon kai jahilci ne. Wannan tarbiyya ce kan daskarar da alƙalamin ɗalibin da ya kammala karatun NCE ranar da ya zauna rubuta taƙaitaccen tarihin karatunsa da aikinsa, wato takardar da ake kira Si-Bi. Kunya ta hana shi faɗin abin da ya iya, sai ya nufi shagon buga takardu, a buɗe masa ta wani a kwamfuta, a goge suna a sa nasa. Shi ya sa jami'in tantancewa kan karanta takardu bila adadin, kowace tana cewa mai ita haziƙi ne, mai son karatu da tafiye-tafiye, ya tashi bai riƙe sunan ko mutum guda ba.

Gasar kuwa ba ta wasa ba ce. A shekarar 2017 malaman firamare fiye da 21,000 suka faɗi jarrabawar gwaji a Jihar Kaduna, gwamnati ta shelanta ɗaukar sababbi 25,000. Mai tantance tarin takardu irin wannan ba ya da lokacin tono abin da aka binne a shafi na uku.

Abin da ɗalibi ke da shi mai daraja shi ne koyarwar gwaji, amma ita ce yakan dunƙule a layi ɗaya. Alhali a nan ne ya riƙe alli, ya fuskanci yara. Kamata ya yi ya ambaci makarantar, da ajin, da darasin, da tsawon lokacin. Alal misali, wanda ya rubuta cewa ya koyar da Hausa a aji huɗu mai yara 80, ya tsara darasi kowane mako, ya yanka katunan baƙi da wasali daga tsohon kwali saboda babu littattafai, bai yabi kansa ba. Labarin aiki ya bayar, wanda shugaban makarantar zai iya gaskatawa ko ƙaryatawa. Kalmar "haziƙi" kuwa ba ta da mai shaida. Haka nan wanda ya shekara yana koyarwa a Islamiyyar unguwa bai kamata ya ɓoye ba don yana ganin ba aikin gwamnati ba ne. Aji aji ne.

Sai batun suna, wanda ya kayar da mutane da yawa. Muhammad a takardar firamare, Mohammed a ta sakandare, sannan sunan gari ya bayyana a ta kwaleji. Dole sunan da ranar haihuwa su yi daidai da na takardun shaida, in kuwa sun saɓa, a haɗa da takardar rantsuwar kotu. Wanda ya yi rajista da Hukumar Rajistar Malamai ta Nijeriya, wadda dokar 1993 ta kafa, ya sa lambarsa a fili.

Game da masu tsaya masa, ɗalibi yakan ruga wurin wani babba a dangi saboda girman muƙaminsa, ko da bai taɓa ganinsa a gaban allo ba. Malamin da ya duba shi lokacin koyarwar gwaji ya fi amfani. Sai dai a nemi izininsa tukuna, a kuma tabbatar lambar wayar da aka rubuta tana shiga.